Rajista Da Mallakar Sunan Adireshin Intanet: Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Sani

A ƙarshen watan Disamba na shekarar 1999, ɗimbin masu amfani da akwatin wasiƙa na Hotmail a sassa daban-daban na duniya suka wayi gari ba su iya buɗe wasiƙunsu ba. Da aka bincika, sai aka tarar na'urori lafiyarsu lau, kuma babu wani ɓarawo da ya yi kutse. Abin da ya faru shi ne, kamfanin Microsoft, wanda a lokacin yana cikin kamfanonin da suka fi kowa daraja a duniya, ya yi sakacin sabunta rajistar sunan passport.com, wanda ta kansa ake tantance masu shiga akwatin. Wani ma'aikacin kwamfuta da ba ya da alaƙa da kamfanin ne ya lura da matsalar, ya biya Dalar Amurka 35 daga aljihunsa, sannan al'amura suka daidaita.

Wannan labari yana da darasi ga 'yan kasuwa da masu masana'antu a Nijeriya, musamman ganin yadda harkokin saye da sayarwa, da na banki, da neman kwangila, da ma karɓar kuɗin makaranta suka koma kan intanet. Sunan da kamfani ke bugawa a kan takardar wasiƙarsa, da katin manajansa, da jikin motocinsa ya zama kadara kamar rumfa a kasuwa. Sai dai da yawa daga cikin masu wannan kadara ba su san da sunan wa aka rubuta ta ba, ba su san ranar da wa'adinta zai cika ba, ba su kuma san hanyar da ake bi a ɗauke ta daga hannun wani dillali zuwa wani ba.

Asalin tsarin

Kowace na'ura mai ƙwaƙwalwa da ke haɗe da intanet tana da lambar da ake gane ta da ita. Da yake riƙe jerin lambobi a ka abu ne mai wuya, sai wani masani ɗan Amurka, Paul Mockapetris, ya ƙirƙiro tsari a shekarar 1983 wanda ke ɗaura suna a kan lamba, ta yadda idan mutum ya rubuta sunan, tsarin zai nemo masa lambar cikin ƙiftawar ido ya kai shi inda yake so. Ranar 15 ga watan Maris na 1985 aka yi rajistar suna na farko mai ƙarewa da .com, wato symbolics.com, na wani kamfanin ƙera kwamfuta a Amurka.

Shekaru goma na farko rajista kyauta ce, domin gwamnatin Amurka ke ɗaukar nauyin aikin. A watan Satumba na 1995 ne kamfanin Network Solutions, wanda aka ba kwangilar gudanar da rajistar, ya fara karɓar Dala 100 na shekara biyu. Kasancewar shi kaɗai ne a fagen, babu wanda ya isa ya yi masa tayi. Ƙorafe-ƙorafen da suka biyo baya na daga cikin dalilan kafa hukumar ICANN a jihar Kalifoniya a shekarar 1998, wadda ta buɗe ƙofar gasa a 1999, farashi kuma ya sauko matuƙa. Gwamnatin Amurka ta ci gaba da sa ido a kan babban kundin sunaye har zuwa ranar 1 ga Oktoba, 2016, lokacin da kwangilar da ke tsakaninta da ICANN ta ƙare.

Kowane suna yana da jiki da wutsiya. Wutsiyar iri biyu ce. Akwai ta gama-gari kamar .com da .org da .net, wadda ke ƙarƙashin ƙa'idojin ICANN kai tsaye. Akwai kuma ta ƙasashe mai haruffa biyu, irin su .ng ta Nijeriya, .ne ta Nijar, .gh ta Gana, .cm ta Kamaru da .td ta Chadi, wadda kowace ƙasa ke tsara wa tata ƙa'ida. A shekarar 2012 ICANN ta ba da damar neman sababbin wutsiyoyi a kan kuɗin nema Dala 185,000, aka kuma shigar da buƙatu 1,930. Daga wannan zagaye ne .africa ta fito, wadda aka buɗe wa jama'a a 2017. Ya zuwa ƙarshen shekarar 2024, yawan sunayen da ke da rajista a duniya ya haura miliyan 360, fiye da miliyan 150 daga cikinsu kuwa na .com ne.

Hannu uku ne a cikin cinikin

Kasuwar sunaye ta yi kama da kasuwar kowace haja, akwai babban dila, akwai mai sayarwa ɗai-ɗai, akwai mai saye. A sama akwai mai kundi, wato hukuma ko kamfanin da ke riƙe da cikakken jerin sunayen wata wutsiya. Kamfanin Verisign ne mai kundin .com da .net, Ƙungiyar Rajistar Intanet ta Nijeriya, wato NiRA, ita ce mai kundin .ng. A tsakiya akwai dillalan rajista, waɗanda aka ba lasisin karɓar kuɗi daga jama'a su shigar da suna cikin kundi. A ƙasa kuma akwai mai rajista, wato mutum ko kamfanin da aka rubuta sunan da sunansa.

Bayan waɗannan, akwai 'yan kamasho da ke saye daga hannun dillalai su sayar, da kuma masu gina shafuka waɗanda kan yi wa abokan cinikinsu rajista a matsayin wani ɓangare na aikin da aka ba su. Yawancin rigingimun mallaka daga wannan mataki na huɗu suke tasowa, kamar yadda za a gani nan gaba.

Ya kamata kuma a bambanta suna da masauki. Suna adireshi ne kawai. Masauki shi ne wurin da ake haya a cikin wata babbar na'ura domin ajiye hotuna da rubuce-rubucen shafin da wasiƙun kamfani. Ana iya sayen su a wuri ɗaya, ana kuma iya rarraba su. Wanda ya rasa masauki, muddin yana da kwafen kayansa, zai iya kama wani cikin yini guda. Wanda ya rasa suna kuwa, ya rasa hanyar da abokan cinikinsa suka sani.

Yadda .ng ta dawo gida

A shekarar 1995 aka keɓe wa Nijeriya wutsiyar .ng. Da yake a wancan lokaci ƙasar ba ta da ingantattun hanyoyin sadarwa, wata cibiyar bincike da ke birnin Pisa na ƙasar Italiya ce ta riƙe ɓangaren na'urori, yayin da Uwargida Ibukun Odusote ta Kwalejin Fasaha ta Yaba da ke Legas ta riƙe amanar gudanarwa. Bayan 'yan shekaru sai taƙaddama ta kaure tsakanin masu ruwa da tsaki a kan wanda ya cancanci riƙe wannan dukiya ta ƙasa, har ta kai Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa baki a shekarar 2004. A shekarar aka miƙa ragamar ga Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, wato NITDA. A 2005 aka kafa NiRA a matsayin ƙungiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, sannan a 2009 aka rubuta ta a babban kundin duniya a matsayin mai kula da .ng.

NiRA, wadda hedikwatarta ke Legas, ba ta sayar wa jama'a suna kai tsaye, sai ta hannun dillalan da ta amince da su. An kasa .ng gida-gida: .com.ng domin harkokin kasuwanci, .org.ng domin ƙungiyoyi, .name.ng domin ɗaiɗaikun mutane, .sch.ng domin makarantu, .edu.ng domin manyan makarantun da hukuma ta amince da su, sai .gov.ng da .mil.ng domin gwamnati da rundunonin soja. Ana kuma iya yin rajista a kan .ng tsurarta, sai dai ta fi .com.ng tsada. A watan Fabrairu na 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar da ta wajabta wa ma'aikatu da hukumomin gwamnati yin amfani da .gov.ng wajen shafukansu da wasiƙunsu na aiki, a maimakon akwatunan kyauta na kamfanonin waje.

Duk da haka, har yanzu da sauran tafiya. Yawan sunayen .ng bai haura dubu 200 ba sai a 'yan shekarun nan, alhali Afirka ta Kudu, wadda yawan jama'arta bai kai kashi ɗaya cikin uku na Nijeriya ba, tana da fiye da miliyan ɗaya a ƙarƙashin .za.

Zaɓen suna da shigar da shi

Ƙa'idar rajista ita ce wanda ya riga shi ya samu. Dillali ba ya tambayar mai nema ko yana da kamfani mai wannan suna, in ban da wutsiyoyin da aka keɓe kamar .gov.ng da .edu.ng, inda ake neman takardun shaida. Wannan ya nuna cewa takardar rajistar kamfani daga Hukumar Kula da Kamfanoni ta Ƙasa ba ta tanadar wa kowa suna a intanet. Rajista uku ce daban-daban: ta kamfani, ta tambarin kasuwanci wadda ake yi a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, sai ta intanet. Ɗan kasuwa mai hangen nesa yakan duba ko sunan da yake so yana nan a wuraren uku kafin ya kai wa mai rubutun allo aiki.

Jikin suna ba ya wuce haruffa 63. Ana amfani da haruffan boko da lambobi da karan ɗori, amma ba a fara suna da karan ɗori, ba a kuma rufe shi da shi. Babu bambanci tsakanin babban baƙi da ƙarami. A nan akwai abin lura ga mai son sunan Hausa. Tsarin na asali bai san haruffa masu lanƙwasa ba, bai kuma yarda da alamar hamza ba. Saboda haka "kaya" da "ƙaya" duk abu ɗaya za su zama, haka "baki" da "baƙi", kalmar "sana'a" kuma sai ta koma "sanaa". Ko da yake tun 2003 aka fito da hanyar shigar da haruffan wasu harsuna, har ƙasashe irin su Masar da Saudiyya suka samu wutsiya da haruffan Larabci a 2010, mafi yawan masu saye da wayar hannu suke shiga, kuma baƙaƙen da suka saba da su za su danna. Sunan da ya fi amfani shi ne gajere, wanda idan aka faɗe shi a rediyo mai sauraro zai iya rubuta shi daidai ba tare da tambaya ba.

Wajen cike takardar rajista ana neman suna da adireshi da lambar waya da akwatin wasiƙar intanet. A da, duk waɗannan bayanai a fili suke ga kowa. Tun daga watan Mayu na 2018, lokacin da dokar kare bayanan sirri ta Tarayyar Turai ta fara aiki, akasarin dillalai suka shiga ɓoye su. Amma ɓoyewa ba ta sauke nauyin faɗin gaskiya ba, domin dillali na da ikon dakatar da sunan da aka yi wa rajista da bayanan ƙarya.

Lissafin Dala da Naira

Ta fuskar tattalin arziki, bambancin da ke tsakanin .com da .ng ya fi fitowa fili a wajen kuɗin musaya. A farkon shekarar 2023, farashin da Verisign ke sayar wa dillalai sunan .com shi ne Dala 8.97 a shekara, Dala ɗaya kuma tana kusan Naira 460 a farashin hukuma, wato kimanin Naira 4,100 ke nan. A watan Yuni na wannan shekara Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa. Zuwa ƙarshen 2024 farashin Verisign ya kai Dala 10.26, Dala kuma ta haura Naira 1,500, wato sunan ya koma sama da Naira 15,000 tun kafin dillali ya ɗora ribarsa. A lissafin Dala, ƙarin bai kai kashi 15 cikin ɗari ba. A lissafin Naira kuwa, ya ninka kusan sau huɗu.

Daɗin daɗawa, a shekarar 2022 bankunan kasuwanci da dama sun rage abin da za a iya kashewa a ƙasashen waje da katin Naira zuwa Dala 20 a wata, daga bisani wasu suka dakatar da shi baki ɗaya, ba su kuma dawo da shi ba sai a tsakiyar 2025. A tsawon wannan lokaci, mai suna a hannun dillalin waje yana iya kasancewa da kuɗi a asusunsa amma ya rasa hanyar biya. Sunan .ng kuwa da Naira ake biyansa, kuɗin kuma a cikin gida yake tsayawa. Wannan ne ya sa kamfanoni masu hulɗa da ƙasashen waje kan riƙe duka biyun, su ɗora shafinsu a kan ɗaya, ɗayan kuma ya riƙa tura baƙi can.

Wani abin lura shi ne farashin shekarar farko. Dillalai da yawa kan karya shi domin jawo masu saye, sannan su fanshe a wajen sabuntawa. Farashin shekara ta biyu shi ne farashin gaskiya, shi ya kamata a tambaya tun da fari.

Mallaka ce ko haya?

A bakin jama'a ana cewa wane ya sayi suna, amma a takarda, abin da ya samu shi ne ikon yin amfani da shi na wani wa'adi, daga shekara ɗaya zuwa goma a wutsiyoyin gama-gari, tare da damar sabuntawa. Su kansu kotuna sun yi saɓani a kan wannan batu. A shekarar 2000 Kotun Ƙoli ta jihar Bajiniya a Amurka ta ɗauki suna a matsayin abin da ya samo asali daga yarjejeniyar aiki tsakanin mai rajista da dillali. A 2003 kuma wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a can Amurkan ta yanke hukunci cewa suna dukiya ce da za a iya sacewa, a cikin shari'ar wani mutum da aka raba da sunansa a 1995 ta hanyar jabun wasiƙa da aka aika wa Network Solutions.

Ko wane ra'ayi aka bi, abu ɗaya ne tabbatacce: wanda aka rubuta a gurbin mai rajista, shi dillali ya sani. Idan kamfani ya ba wani matashi kwangilar gina shafi, matashin ya yi rajista da sunansa da akwatin wasiƙarsa, to a idon dillali matashin ne mai abu, ko da kuwa kamfanin ne ya biya kuɗin. Ranar da aka ɓata, ko ya bar gari, ko ya sauya lambar waya, kamfanin zai tarar ya yi gini a filin wani. Haka abin yake idan ma'aikaci ya yi amfani da akwatin wasiƙarsa na kansa sannan ya bar aiki, ko kuma idan mai kamfani ya rasu bai bar wa kowa kalmar sirri ba, magada su raba gidaje da motoci, adireshin kamfanin kuwa ya mutu a tsaye.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi. A rubuta sunan kamfani a gurbin mai rajista kamar yadda yake a takardar rajistarsa. A yi amfani da akwatin wasiƙar da shugabannin kamfani ke da iko da shi, wanda kuma ba ya rataye a kan shi sunan, domin idan sunan ya tsaya wasiƙar gargaɗi ma ba za ta iso ba. A sa sharaɗi a cikin yarjejeniyar mai gina shafi cewa suna na kamfani ne. A kunna tsarin tantancewa sau biyu, a kuma ajiye rasit.

Idan wa'adi ya cika

A wutsiyoyin gama-gari, ƙa'idar ICANN ta wajabta wa dillali aika tunatarwa kimanin wata ɗaya kafin cikar wa'adi, da wata kuma kimanin mako ɗaya kafin ranar. Idan ba a biya ba, shafi da wasiƙu za su tsaya, amma akwai rangwamen kwanaki da kan iya kaiwa 45, gwargwadon tsarin dillalin, wanda a cikinsu ake iya sabuntawa. Idan dillali ya soke sunan, sai ya shiga zangon fansa na kwana 30, inda mai shi kaɗai ke iya dawo da shi, amma da tara mai yawa. Bayan nan akwai kwana biyar na jira, sannan a sake shi kasuwa. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su kafa na'urori suna dakon sunayen da za a saki, wasu dillalan ma kan yi gwanjon sunan tun kafin a kai ga soke shi. Sunayen .ng suna bin ƙa'idojin NiRA ne, don haka ya kyautu mai rajista ya nemi bayanin kwanakin daga dillalinsa a rubuce.

Haɗarin ya wuce rasa shafi. Wanda ya karɓi tsohon sunan kamfani zai iya buɗe akwatunan wasiƙa masu adireshi iri ɗaya da na da, ya riƙa karɓar saƙonnin abokan ciniki, har ya aika musu takardar neman biya mai ɗauke da lambar asusunsa.

Sauya dillali da sayar da suna

Sauyi iri biyu ne. Na farko shi ne ɗauke suna daga wani dillali zuwa wani, mai shi bai canza ba. Mai rajista zai cire makullin da ke kan sunan, ya nemi lambar sirri ta sauyi, wadda dole dillali ya ba shi cikin kwana biyar, sannan ya miƙa ta ga sabon dillali tare da kuɗin shekara ɗaya, wadda za a ƙara a kan wa'adin da ya rage. Tsohon dillali yana da kwana biyar ya amince ko ya kawo hujjar ƙi, idan ya yi shiru sauyin ya tabbata. Bisa ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita, ana iya hana sauyi cikin kwana 60 na farko bayan sabuwar rajista ko bayan wani sauyin, ko da yake a 2025 wani kwamitin ICANN ya ba da shawarar rage wa'adin zuwa kwana 30. Ba a son fara sauyi ana saura 'yan kwanaki wa'adi ya cika. Haka kuma, idan tsohon dillali ne ke riƙe da bayanan da ke nuna inda shafi da wasiƙu suke, sai a kwafe su tukuna, in ba haka ba suna zai ƙaura ya bar wasiƙu a baya.

Na biyu shi ne sauya mai rajista, ta hanyar ciniki ko kyauta ko gado. A nan ne manyan kuɗaɗe ke yawo. An sayar da business.com a kan Dala miliyan 7.5 a 1999. Kamfanin Facebook ya biya wata ƙungiyar manoma ta Amurka Dala miliyan 8.5 a kan fb.com a 2010. A 2019 kuma aka sayar da voice.com a kan Dala miliyan 30. Waɗannan dai tsiraru ne, domin mafi yawan sunayen da ake sayowa don jiran mai saye ba sa mayar da ko kuɗin sabunta su.

Matsalar irin wannan ciniki ita ce wa zai fara sakin nasa. Idan mai saye ya tura kuɗi, mai sayarwa na iya ɓacewa. Idan mai sayarwa ya ba da lambar sirri, da wuya sunan ya dawo. Shi ya sa ake bi ta hannun kamfanonin riƙon amana, waɗanda ke karɓar kuɗin su ajiye, ba za su saki ba sai mai saye ya tabbatar suna ya shigo hannunsa. Kafin ciniki kuma ya kamata a binciki tarihin sunan, domin wanda aka taɓa yin damfara da shi yana iya kasancewa cikin jerin waɗanda kamfanonin wasiƙa ke toshewa.

Masu tare suna da hukuncinsu

Tun tsakiyar shekarun 1990 aka samu masu riga kamfanoni yin rajistar sunayensu domin su sayar musu da tsada. Don magance haka ICANN ta kafa tsarin sasanta rikici a 1999, wanda Hukumar Kare Haƙƙin Fasaha ta Duniya da ke Janeba ke kan gaba wajen gudanar da shi. A shekarar 2023 kaɗai hukumar ta karɓi ƙararraki fiye da 6,000. Mai ƙara sai ya tabbatar da abubuwa uku gaba ɗaya: cewa sunan ya yi daidai ko ya yi kama da tambarinsa har ya iya rikita mutane, cewa wanda ke riƙe da shi ba ya da wani haƙƙi a kansa, da kuma cewa da mugun nufi ya yi rajistar yake kuma amfani da ita. Kuɗin shigar da ƙara gaban alƙali ɗaya Dala 1,500 ne, hukunci kan fito cikin kimanin wata biyu, kuma iyakarsa a miƙa sunan ko a soke shi, babu diyya.

Girman kamfani ba ya tabbatar masa da nasara. Kamfanin motoci na Nissan ya shigar da ƙara a 1999 a kan wani ɗan kasuwa a Amurka wanda sunan gidansu ya zo ɗaya da na kamfanin, ya kuma yi rajistar nissan.com tun 1994 domin shagonsa na kwamfuta. Bayan shekaru ana shari'a, sunan ya tsaya a hannun ɗan kasuwar.

A Nijeriya, NiRA tana da nata tsarin sasantawa dangane da sunayen .ng. Bugu da ƙari, sashe na 25 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tarar da ba ta wuce Naira miliyan 5 ba, ko duka biyun, ga wanda ya tare sunan wani mutum ko kamfani ko hukuma a intanet da gangan ba tare da izini ba domin hana mai shi amfani da shi.

Dukiyar ƙasa

Wutsiyar ƙasa ma kadara ce ta gwamnati. Tsibirin Tubalu da ke tekun Fasifik, mai mutane kimanin dubu 11, ya dace da .tv, kuɗin da ya samu daga ba da hayarta kuma na cikin abin da ya taimaka masa shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar 2000. Tsibirin Angila na yankin Karebiyan ya dace da .ai, wadda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira ke rububi, har ta kawo masa kimanin Dala miliyan 32 a 2023, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shigar gwamnatinsa.

Akwai kuma darasi ta ɗaya gefen. Wasu ƙasashen Afirka, ciki har da Mali da Gabon, sun ba wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Freenom riƙon wutsiyoyinsu, shi kuma ya riƙa raba sunaye kyauta. 'Yan damfara suka yi dandazo a kansu har sunan wutsiyoyin ya ɓaci. A 2023 kamfanin Meta ya kai Freenom kotu, ƙasashen biyu suka karɓe kayansu a wannan shekara, a farkon 2024 kuma kamfanin ya ba da sanarwar ficewa daga harkar. Ƙananan 'yan kasuwa da suka ɗora shafukansu a kan sunayen kyauta sun tarar ba su da wata takardar da za su kafa hujja da ita, domin a tsarin kamfanin shi ne mai rajistar sunayen kyauta, su masu aro ne kawai. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Ga kamfanonin Nijeriya, manya da ƙanana, aikin da ke gabansu bai fi na awa ɗaya ba. Akanta ko sakataren kamfani ya buɗe asusun dillali, ya duba sunan da ke gurbin mai rajista, ya duba akwatin wasiƙar da tunatarwa ke zuwa, ya rubuta ranar cikar wa'adi a cikin littafin da ake rubuta ranar biyan haraji da hayar ofis da inshorar motoci. Idan hali ya yi, a biya na shekara biyar ko goma a lokaci ɗaya, domin hakan yana kare kamfani daga mantuwa, yana kuma kare shi daga hawan farashin Dala.